Akushin Malamin Daji

Shekara ashirin da bakwai Malam Maccido ya yi yana gadin itatuwan da ba nasa ba. Haifaffen Rabah ne, aka ɗauke shi aikin daji yana saurayi don ya iya rubuta sunan mutum ba kuskure. Aka ba shi kaki da ɗamara da ɗan littafi, aka ce yankinsa ya kama daga fadamun Wurno har ƙauyukan Goronyo. Aikin guda ne. Akwai itatuwan da Turawa suka sa cikin doka, irin su maɗaci da ƙirya da giginya, duk mai son sara sai ya yanki takarda. Wanda ya sara ba takarda, Maccido ya karɓe gatarinsa ya kai shi gaban alƙali.

Sauran malaman daji mutane ne kamar kowa. A ba su kaza su kau da kai, a kira su suna ko ɗaurin aure su manta abin da suka gani. Maccido bai iya wannan ba. Ba mugu ba ne, ba a taɓa jin ya zagi wanda ya kama ba, har ruwa yakan ba shi a hanya. Mutum ne dai wanda in an nuna masa hanya aka ce nan za ka bi, ko ƙaya ce shimfiɗe sai ya taka. Mutane ba su ƙi shi ƙiyayyar a-zo-a-gani ba, amma in ya doso inuwa hira takan canza.

Wadda ta ɗanɗana wannan hali fiye da kowa ita ce matarsa Tani. Ta zo gidansa da akushin mahaifiyarta, baƙi wuluk, ya sha man shanu har yana ƙyalli. A shekara ta uku da aurensu ya faɗo daga kan danga ya rabe biyu. Ta ce za ta aika kasuwar Wurno a sayo wani, Maccido ya ce a'a. Shi ya san inda akusan kasuwa suke fitowa, cikin goma da wuya a sami ɗaya wanda aka yanka wa takarda, ba kuwa za a shigo masa da itacen sata gida ba. Ya je birni ya sayo farin kwano mai jan baki, irin na kanti. Tani ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ajiye. Ba ta sake tayar da maganar ba.

A unguwarsu magidanta tare suke cin tuwon dare a ƙofar gidan Sale masassaƙi. Kowane gida a fito da akushinsa a jera. Ko makaho ya san na Malamin Daji, don shi kaɗai ne yake ƙara in an ajiye. Sale kuwa sau biyu Maccido yana karɓe masa gatari, na biyun har ya kwana uku a tsare. Duk da haka ba a taɓa hana Maccido tabarma ba, maƙwabtaka ta wuce nan. Sai dai Sale bai bar shi ya huta ba, kullum kwanon ya yi ƙara sai ya ce a tashi tsaye, ga ƙararrawar gwamnati ta iso. Maccido shi ne na ƙarshen zuwa koyaushe. Lokacin aiki daga daji yake dawowa ana gab da watsewa, daga baya kuma ya saba zama masallaci daga magariba har isha. In ya shigo gida Tani ta tashi daga gindin murhu, ta ajiye wani tsohon zane mai ƙonannen gefe da ba ta rabuwa da shi, ta miƙa masa kwanonsa ya fita da shi. Ya taɓa ce mata ta jefar da tsumman nan, ta ce to, ba ta jefar ba.

Allah ya ba su 'ya'ya uku, bai bar musu ko ɗaya ba. Su biyu suka tsufa a gidan.

Saura shekara shida Turawa su tafi aka sallame shi. Ya mayar da kaki da littafi, wani Bature ya ba shi hannu, ya hawo mota ya dawo Wurno. Ya zaci zai ji daɗi ko ya ji ciwo, bai ji ko ɗaya ba. Da asuba ya tashi ya rasa inda za shi. Ya zauna a zaure, rana ta shigo ta wannan ƙofa, ta fita ta waccan. Gonarsa ɗaya ce a bakin fadama, rani ne kuma, babu abin yi cikinta. Wata biyu yana haka, in an gaishe shi ya amsa, in an ba shi ya ci.

Abin da ya tashe shi wani tsohon tunani ne. Duk lokacin da ya kai rahoto birni yakan tsaya a rumfar wani kafinta mutumin kudu, wanda yake fere ƙafafun kujera da wani irin keke. A soke guntun itace tsakanin tsinin ƙarfe biyu, a naɗa masa igiya, mutum ya riƙa taka katako da ƙafa, itacen yana juyawa, shi kuma ya kara masa kaifi. Maccido yakan tsaya kallo har a kusa rufe ofis. Abin da ya burge shi, duk abin da ya fito daga keken nan daidai yake ta kowane gefe, babu karkata. Mutum mai son daidai irinsa, dole abin ya kwanta masa.

Sai ya kafa nasa a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaron da shi ya dasa da hannunsa lokacin da aka fara raba irinsa. Ya haƙa rami biyu ya kafa turaku, maƙeri ya ƙera masa tsini da wuƙaƙe masu lanƙwasa, ya sayo igiyar fata wurin dukawa. Ƙarshen igiyar ɗaya ya ɗaure a reshen dogon yaro, ɗayan a katakon takawa. In ya taka, itace ya juya, in ya saki, reshen ya ja igiya ya mayar. Kafin mako unguwa ta sa masa suna keken sassaƙa, mata suna leƙowa ta kan danga suna dariya. Sassaƙa gado ce, ba a tsintar ta da furfura, balle ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar masassaƙa.

Shi ko a jikinsa. Busassun rassa yake tsintowa, waɗanda iska ta kayar, don su doka ba ta hana ba. Ya fere mazari ya karye, ya fere muciya ta fito kamar ƙafar akuya. A hankali hannu ya faɗa. Ba daɗi yake ji ba, sai dai in ƙafa tana takawa, sassaƙe yana zuba a cinyarsa, kansa yakan zama fayau, ba jiya ba gobe, ya ɗago ya ga azahar ta yi. Abin da yake nema ke nan.

Wata rana Tani tana zaune tana tsince shinkafa, ƙafafunta miƙe don sun fara kumbura tun farkon bazara, ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, in dai kekenga naka na iya wani abu ban da kuka, ka yi muna akushi."

Shekara ashirin da huɗu rabon da kalmar ta fito daga bakinta. Maccido ya tsayar da ƙafa. A ransa ya ce, ashe har yanzu gorin mata yana cin ta. Ya ce zai yi, in Allah ya so. Mutum ne kuwa da bai taɓa cewa zai yi ya fasa ba.

Ya samo kututturen gawo busasshe ya kwana huɗu a kansa, ana gab da gamawa ya tsage. Ya samo wani, ashe gara ta cinye cikinsa. Na uku ya dare ya yanke shi a goshi. Ran nan da ya zo cin tuwo da tsumma ɗaure a kai, Sale ya gama dariyarsa, sa'an nan ya ce masa gaskiya. Shekara ashirin da bakwai cikin daji, amma itace a tsaye kawai ya sani.

"Busasshen icce ba shi yin akushi. Ɗanye aka sara, a rarake shi tun shina da ruwa, a binne cikin sassaƙe shi bushe sannu. Ga maɗaci can ga gonakka, reshe nai guda ya ishe ka."

Maccido ya san reshen. Kaurinsa ya kai ƙugun ƙato, ya sunkuyo ƙasa-ƙasa yana yi wa gero inuwa, mutum a tsaye zai kai masa gatari. Gonarsa ce, itacen ma nasa ne a idon kowa. Amma maɗaci yana cikin doka.

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin Lauwali, wanda ya gaje shi, wanda shi Maccidon ya koya wa aikin. Lauwali ya durƙusa ya gaishe shi, ya ji buƙatarsa, sai ya hau sosa ƙeya. Littafin takardun ya ƙare, an aika birni a kawo sabo, bai iso ba tukuna. Ya duba hagu da dama ya rage murya.

"Baba, icce ga gonakka shike. Tahi ka sare, ni ban gani ba."

"Kai ba ka gani ba, ni na gani," in ji Maccido. Ya ce a rubuta sunansa, zai jira.

To, jira ya yi. Ruwa ya sauka da ƙarfi a shekarar, gulbi ya cika ya haye fadama, hanyar Achida ta yanke, mota ta daina zuwa. Kowace Juma'a in an sauko ya biya ta wurin Lauwali, kowace Juma'a a ce masa sai dai haƙuri. Ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, duk a ƙarƙashin reshen nan, wani lokaci har a jikinsa yake rataye gorar ruwansa. Sale ya ce zai sare masa da kansa, laifin ya hau kansa, ai ya saba. Maccido ya ce in ya taɓa, shi zai kai ƙara. Daga nan Sale bai ƙara magana ba, tsokanar kwano ma ya daina.

Kumburin Tani ya hau daga ƙafa zuwa ciki. An yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, abin sai gaba yake yi. Ta daina daka, Adama matar Sale ta riƙa dako mata. Tuƙin tuwo ne ba ta yarda ta bar wa kowa ba, a zaune take yi, ta tuƙa ta huta, ta tuƙa ta huta. Maccido yana ganin duk wannan. Ya san lokaci yana ƙurewa, ba wawa ba ne. Amma sanin bai sauka daga kansa zuwa ƙirjinsa ba. Yakan dube ta ya ji kamar labarin wani gida ake ba shi, sai ya koma ya taka kekensa, ya tara mazarai da ƙafafun gado waɗanda ba wanda ya ce ya yi.

Sau ɗaya ta tambaya, wata Juma'a da ya dawo.

"Takardat ta taho?"

Ya ce tukuna. Ta ce Allah ya kawo ta. Ta jawo tsohon zanenta ta rufe gwiwa.

Gero ya fara fitar da kai ta rasu, ranar Talata da hantsi, Adama tana riƙe da ita. Maccido yana kan keke aka kira shi. Ya shiga ya duba, ya yi salati, ya fito ya aika a gaya wa liman. Mutane suna ta yi masa ta'aziyya, yana amsawa daidai, idonsa a bushe.

A maƙabarta aka sami cikas. In an sa mamaci, ana jera guntayen itace a bakin ramin a toshe da ganye da laka kafin a tura ƙasa. Na ajiye sun ƙare, damina ta ci mutane da yawa. Da wata gawar ce, da tuni samari sun faɗa kurmi mafi kusa sun saro, ba mai tambaya. Amma matar Malamin Daji ce, ga shi kuma tsaye. Samari suka riƙe gatura suna kallon ƙasa. Sale ya matso kusa da shi.

"Malam, icce bai isa ba. Samari na jin nauyin sara gabanka."

Maccido ya dubi makara a ajiye cikin inuwa, ya dubi ramin. Ya ce, "Ba ni gatarinka."

Gonarsa ba nisa. Ya ratsa cikin gero, Sale da mutum uku suna biye. Ya tuɓe riga, ya tsaya a ƙarƙashin reshen, ya ɗaga gatari. Bai taɓa saran ɗanyen itace ba a rayuwarsa, saran farko ma gocewa ya yi. Na biyu ya shiga. Jan ɓawo ya riƙa tsalle, ɗacin maɗaci ya cika masa hanci. Bai ƙirga ba, amma bai ko yi gumin kirki ba ya ji ƙara, reshen ya sunkuya, ya kwanta cikin gero a hankali. Samarin suka hau datse ƙananan rassan daidai faɗin kabari. Masu haƙa ba su ma gama gyara gefen ramin ba.

Maccido ya tsaya da gatari a hannu yana kallon farin wurin da ya sare.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji Sale. "Mi kaka tsammani?"

Wata huɗu ya yi yana jira. Ya mayar wa Sale gatarinsa, suka koma aka rufe ta. Da yamma ya je da kansa ya gaya wa Lauwali ya sari maɗaci ba takarda, a rubuta. Lauwali ya ce ba shi da alƙalami. Kwana tara bayan haka hanya ta buɗe, littafi ya iso, Lauwali ya kawo masa takardarsa har gida yana sunkuyar da kai. Maccido ya duba suna, ya duba hatimi, ya ce daidai take, ya ninke ya sa a aljihu.

Akushin kuwa ya yi shi, don ya ce zai yi. Gindin reshen aka gangaro masa da shi gida, ya datsa, ya ɗora a keke. Ɗanyen itace ashe laushi gare shi, sassaƙen yana fita dogo-dogo da danshi. Kwana biyu ya gama. Ya binne shi cikin sassaƙe har aka yi sadakar arba'in, ya tono, bai tsage ba. Sale ya karɓa ya juya, ya nemi karkata bai samu ba, bai yaba ba, bai kuma kushe ba. Shi ya ƙona masa shi da jan ƙarfe har ya yi baƙi, ya shafe da man shanu. Maccido ya kai ɗakin Tani ya kife a kan gado, kusa da tsohon zanen da ba wanda ya ɗauka cikin masu rabon kaya, ya ja ƙofa.

Tun rasuwar, daga gidan Sale ake zuba masa tuwo, a cikin farin kwanonsa. In an fito da na kowa a fito da nasa, a rufe da faifai ya jira shi. Yana ci ne kawai, bai san me yake ci ba. Sai wani dare bayan isha, sanyin kaka ya fara, ya sa hannu ya ji tuwon kamar laka, miya ta daskare a kai. Ba ƙorafi ya yi niyya ba, bakinsa ne ya faɗa.

"Tuwon gidanku sanyi garai."

"Ba tuwo na ba, kwano na," in ji Sale. "Kwano ba shi riƙon zahi. Akushi ka riƙewa."

"Nau bai taɓa hucewa ba."

Sale ya gyara zama. Sauran magidanta duk sun tashi, su biyu suka rage. Sa'an nan ya gaya masa abin da kowace mace a unguwar ta sani. Tani in ta kwashe tuwo sai ta naɗe kwanon cikin tsohon zane, ta zauna da shi a gindin murhu, tana jujjuya shi kusa da toka har ta ji tafiyarsa a zaure. Haka take yi tun ranar da ya kawo kwanon. Da ciwo ya yi nauyi ta ce wa Adama ita ba gorin kowa ya dame ta ba, ta saba. Abin da take tunani, in ta tafi gidan wani za a riƙa zuba masa, ba kuwa wadda za ta zauna ta rungumi kwano har isha. In akwai akushi, ko an ajiye an tafi, zai tarar da abincinsa da ɗumi.

Maccido ya jawo kwanon. Ya cinye tuwon nan mai sanyi tas, ya wanke hannu, ya yi sai da safe.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Keken bai tsaya ba, har daga Goronyo da Rabah ana zuwa neman akushinsa, bai kuma taɓa ɗora itacen da ba takarda ba, halin mutum ba ya tashi don ya tsufa. Amma wannan duk daga baya ne.

Washegarin ran nan da la'asar ya buɗe ɗakin Tani, ya ɗauko akushin, ya kaɗe shi, ya kai ƙofar gidan Sale ya ce a ba Adama. Ya tafi masallaci ya yi zamansa kamar kullum. Da ya dawo an watse, akushin yana kan tabarma shi kaɗai, faifai a kai. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya buɗe, ya sa hannu. Da zafinsa, har ya ɗan ƙona masa yatsu. A nan ne abin ya sauko masa, duk abin da bai ji ba tun ranar Talatar nan, ya ji kewarta kamar za ta tsaga masa ƙirji. Bai janye hannun ba. Sale ya leƙo daga zaure zai yi magana, ya gan shi, ya koma ciki.